Ƙarfen da Muka Sa a Idon Ruwa

Tun da aka fara fasa dutsen bayan gari ban ƙara samun barcin rana ba. Da na shimfiɗa tabarma bayan cin abinci sai in ji dum, ƙasa ta girgiza, kwanuka su yi ƙara a ɗaki, kaji su watse. Jikokina sukan ce, "Kaka, ai aiki ne ya zo mana, tsakuwa ake kaiwa Kaduna." Sai in ce to, Allah ya sa albarka. Me zan ce musu? Su dutse suke gani. Ni kuwa na san daidai inda motar nan mai dogon hannu take tsaye, nan ne ɗakin da aka kai ni aure. Karatuna kaɗan ne, a ajin mata na majami'a aka koya mana baƙi domin mu karanta Littafi, saboda haka rubutuna zai tafi yadda bakina yake tafiya. Wanda ya gaji ya huta, ya dawo.

Garinmu sau uku ya zauna. Zaman farko a can ƙololuwar dutse ne, zamanin da mahaya suke zuwa da rani suna kama mutane. Ban ga wannan zamani ba, amma muna 'yan mata mukan hau neman itace mu ga kufan: da'irar duwatsu inda ɗakuna suka tsaya, da ramukan niƙa a jikin falalen dutse, sun yi sumul kamar an shafa musu mai, da wata ƙofa tsakanin duwatsu biyu wadda mutum ɗaya kaɗai yake iya wucewa, shi ma a karkace. Da ƙasa ta lafa, kakanninmu suka sauko, amma ba su yarda da fili ba, suka tsaya a kafaɗar dutsen. Wannan shi ne zama na biyu, nan aka haife ni, nan na yi aure, gida bakwai ne tsakanin gidan ubana da na mijina. Zama na uku shi ne wannan na bakin titi, inda nake zaune ƙura tana shiga mini miya. Yadda muka zo nan shi ne abin da nake so in rubuta, domin da hannuna a ciki.

A garin kafaɗar dutse rana takan makara, gama dutsen yana gabas da mu, sai an gama sharar tsakar gida kafin ta leƙo. In ka juya yamma kuwa, ƙasa ce shimfiɗe har iyakar gani, kana hangen hayaƙin jirgin ƙasa yana rarrafe zuwa Kafanchan. Hanyoyin cikin gari duk tsakanin shingen ƙerana suke, sun fi mutum tsawo, baƙo in ya shiga sai ya yi ta zagaye har wata tsohuwa ta ji tausayinsa. Ƙasa da gidaje akwai gonakin acca, an jera musu duwatsu hawa-hawa don kada ruwan sama ya kwashe ƙasa. Can ƙasa kuma rafi ne, inda ake gwaza da rizga, amma shi rafin ba abin dogara ba ne, da an yi Kirsimati sai ya koma yashi. Ni kunne Allah ya ba ni. Ina kwance nakan san turmin gidan wa ake daka, na san tarin kowane tsoho, na san in an busa ƙahon gayya gonar wa za a. Da yamma birai suna faɗa a kan dutse, ranar Lahadi kuma ana buga guntun ƙarfen layin dogo da aka rataye a mangwaro, shi ne ƙararrawarmu. Yanzu fa? Babur, janareto, da waya a kunnen kowa. Maƙwabcina zai yi kwana uku yana tari ban ji ba.

Abin da ya tsayar da kakanninmu a wannan wuri shi ne idon ruwa. Yana cikin kurmi, gefen gari, ƙarƙashin tukurwa da wani babban maɗaci. Wanda bai sani ba zai raina shi, faɗinsa bai wuce babban faifai biyu ba, zurfinsa kuwa zuwa gwiwar hannu. Ruwan yana tsattsafowa daga gindin dutse da wata 'yar ƙara, ƙul, ƙul, kamar yaro yana haɗiyar nono. Sanyi gare shi har haƙori ya amsa, da ɗan ƙamshin saiwa. Bai taɓa ƙafewa ba, ko a shekarun da tsofaffi suke cewa an ci ganye. Amma ba ya sauri. Da rani sai ki jira ya taru, ki ɗiba da ƙoƙo, ki zuba a tulu, ki sake jira. Yana da dokarsa kuma: ba a sa masa ƙarfe, ko bokiti ba a tsomawa. Sau ɗaya a shekara, kafin ruwan farko, tsofaffin mata da suka daina haihuwa sukan yashe shi da hannu da sakaina, su kwashe ganye da laka, sa'an nan su shafe gindin da yumɓu, da tafin hannu, a hankali kamar ana wa jariri wanka. A dā, in sun gama sukan zuba giya a gindin maɗacin. Wannan zuba giyar ita ce ta ja mana.

Surukata ce shugabar masu yasa. Gajeruwa ce, da ramin ado a leɓenta irin na matan dā, ba ta da yawan magana, Hausarta kuma ba ta wuce ta gaisuwa da ta kasuwa ba. Ta yi baftisma da furfura a kanta, daga ranar kuma ta daina zuba giya, ta hana a zuba. Amma yasa da hannu ba ta bari ba. Takan ce mana da yarenmu, "Ruwan nan baƙo ne a wurinmu, yana zaune ne don ba a takura masa." Mu kuwa muna dariya a ɓoye.

A shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira, ina da ciki na uku, kuma rani ya yi tsanani. Gari ya cika da mutane fiye da dā, idon ruwa kuwa yana nan yadda yake. Tun da sassafe ake jera tuluna, layi har bakin kurmi. Ba zan ce babu daɗi ba, nan ake jin wa ya yi faɗa da wa, nan ake koyon sabuwar waƙar zumuntar matan majami'a. Akwai wata ƙawata mai baki kamar reza, ranar nan ta dube ni ta ce, "Ke uwar ciki, zo ki wuce gaba. Kada ki haifa mana a layi mu rasa wa za mu ba wuri, ke ko jaririn."

Na ce, "In na haifa ai ke za ki yi wanka."

Ta ce, "Da wane ruwa? Da yawuna?"

Aka yi ta dariya. Amma ranar sai da rana ta take kafin na cika tulu ɗaya, ƙafafuna sun kumbura kamar doya, yara biyu suna gida ba su karya ba. A hanyar dawowa na yi tuntuɓe da saiwa, tulun ya faɗi ya fashe. Na tsaya ina kallon ƙasa tana shanye aikin yinina.

Maigidana lebura ne a reluwe, cikin masu gyaran dogo, yakan zo gida ƙarshen mako. Ranar Asabar ce, na same shi zaune a inuwar rumbu yana gyara ƙotar digarsa. Mutum ne mai taushin zuciya, Allah ya ba shi hutawa, ba ya iya ganin hawaye. Na zauna a ƙasa na fashe da kuka, na ce, "Baban yara, kai kana can kana murɗa famfo, ni ina nan zan mutu a bakin rami. Maza nawa ne a garin nan? Kuna fasa dutse wa jirgi, kun kasa faɗaɗa wa matanku ɗan rami? Sai mu zauna tsofaffi suna shafa shi kamar gunki?"

Ya ce, "Ya isa, uwar yara. Share ido. Na ji."

Da bai ji ba.

Kashegari bayan sujada ya kawo maganar a gindin mangwaro. Ya ce shi zai kawo siminti daga Kafanchan, a yi gayya a haƙa wurin ya yi zurfin mutum, a ɗaure gefe, ruwa ya riƙa kwana yana taruwa, mata goma su ɗiba a lokaci ɗaya. Mata suka yi guɗa, ni ce kan gaba. Mai bisharar da muke da shi a lokacin saurayi ne daga wajen Fadan Kagoma, mutumin kirki, shi ya koya mini rubuta sunana, ba zan ɗora masa laifi ba. Ba ya jin yarenmu. Da surukata ta miƙe ta yi magana, ɗanta, wato maigidana, shi ya juya masa da Hausa. Ta yi magana mai tsawo, shi kuwa ya ce kawai, "Malam, Mama ta ce ba a sa wa ruwan ƙarfe."

Mai bishara ya ce da ladabi, "Mama, ki gaya mana dalili. In dalili ne na aiki, za mu bi. In kuwa don wani abu ne da aka ce yana zaune a gindin itacen, to, mu mun fita daga wannan tsoro, ke ma kin fita."

Ta tsaya tana murza bakin zanenta. Ta ce, "Ba na tsoron itace. Na bar wannan."

"To mene ne dalilin, Mama?"

Ta ce, "Uwar mijina ta ce mini kada ƙarfe. Ita ma haka aka ce mata. Ban tambaya ba."

Wani daga baya ya ce, "Kun ji ko? Tsafi ne ya sa rigar Lahadi." Aka kwashe da dariya. A wancan lokaci, ku gane, duk abin da tsoho ya ce kada a yi, in bai kawo aya ba, mukan ce na dodo ne. Mun ƙone abubuwa da yawa, waɗansu sun cancanci wuta, amma ba mu tsaya mun tsince ba. Ta dubi ɗanta, ta dube ni, ta zauna. Har yau ina jin ƙarar da kujerarta ta gora ta yi.

Aka yi gayyar ranar Asabar ta biyu. Mun dama kunun acca, mun yi gwate tukunya uku. Mai bishara ya yi addu'a, maigidana ya fara sara. Ban taɓa jin ƙarar ƙarfe a cikin kurmin nan ba sai ranar, tsuntsaye duka suka tashi. Da farko baƙar laka ce take fitowa, sai yumɓu fari mai danƙo, kauri kamar tsawon hannu, suka yi ta yankarsa da shebur suna jefarwa gefe suna tsaki, wai yana riƙe musu diga. Da suka wuce shi sai ga tsakuwa da ruɓaɓɓen dutse mai tsaga-tsaga, haƙa ta yi sauƙi, suka ce madalla. Kafin la'asar rami ya kai ƙirjin mutum, an ɗaure gefe da duwatsu da siminti. Surukata ba ta zo ba. Tana gida tana ɓarar ɗorawa, ta juya wa kurmi baya.

Kwana biyu muka yi muna murna. Ruwa ya taru har gwiwa, na tsoma bokiti da hannuna, na cika shi a tsoma ɗaya, ƙawata tana cewa, "Mijinki sai a ba shi sarautar ruwa." A rana ta uku muka ga ya ja baya da taƙi guda. Muka ce ɗiba ce ta yi yawa. A ta biyar ya koma idon sawu. Na durƙusa na kasa kunne, 'yar ƙarar nan tana nan, amma ta sauya, tana yi ne daga can ƙasa, kamar mutum yana magana a bayan ƙofa yana tafiya. Ashe farin yumɓun nan shi ne kaskon da ruwan yake zaune a kai tun kafin a haifi kakanninmu. Abin da tsofaffi suke yi da tafin hannu kowace shekara, like tsagar kaskon suke yi. Mu kuwa mun fasa shi da diga, ruwa ya sami hanya ya bi tsagar dutse ya tafi. Maza suka ruɗe, suka ce a toshe gindin, suka zuba sauran simintin a ƙasan ramin. Da ya bushe, ya toshe har da inda ruwan yake fitowa. Ranar na kasa kunne ban ji komai ba.

Sai ga surukata ta zo. Ta tara tsofaffinta huɗu, suka shiga ramin, suka sa aka farfasa simintin, suka yi ta kwaso yumɓun da aka zubar suna jiƙawa da ruwan da muka tono a yashin rafi, suna shafawa. Kwana tara suna yi, har fatar hannunsu ta tsattsage. Mai bishara da kansa ya tuɓe riga yana miƙa musu yumɓu, idonsa ja. Aka yi azumi da addu'a. Waɗansu suka ce farin shekarar ne, a jira damina. Damina ta zo, ramin ya cika da ruwan sama da kwaɗi, da kaka ta yi ya bushe ƙaƙas. Shekara ta biyu ma haka. Tukurwa ta fara mutuwa daga sama.

Gari ba ya watsewa rana ɗaya. Rani biyu muka yi muna gangarawa rafi muna tonon yashi, mu hau da tulu a ka, sawu ɗaya kafin rana ta yi zafi, ɗaya da yamma. A lokacin an fara gyaran titin da ya bi ta Manchok, aka kuma haƙa rijiya a bakinsa. Gida ɗaya ya sauka, sai biyu, sai aka cire ƙarfen mangwaro aka kai ƙasa, daga nan magana ta ƙare. Kowa ya yaye jinkarsa, ya kwashe hatsin rumbu. A bakin titi aka ja gidaje a layi, da kwano a sama, babu shinge, babu inuwa, dangi suka rarrabu, wanda kuka haɗa katanga shekara talatin sai ki ga ya koma can ƙarshen gari. Gonakin hawa-hawa babu mai gyara musu duwatsu, ruwan sama ya kwashe su cikin 'yan shekaru. Samari suka ga mota tana tsayawa a ƙofar gida, suka hau. Nawa uku suna Sabon Tasha a Kaduna yanzu, 'ya'yansu ba su iya gaishe ni da yare ba. Maigidana bai ƙara zama mutumin dā ba. Ba wanda ya zage shi a fuska, amma ya daina magana a taro, yakan zauna a bencin baya. Digar kuwa ya ba da ita kyauta.

Surukata ta ƙi sauka. Ta ce mijinta yana kwance a tsakar gidan nan, ba za ta bar shi da birai ba. Ɗanta ya yi roƙo, dattawan ikilisiya suka hau suka yi roƙo, ta ce ta gode. Ta zauna ita kaɗai a cikin kufai, da kaji biyar da akuya. To, wa zai kai mata ruwa? Ni na ce zan kai. Ba wanda ya sa ni, mutane har yabona suke yi, suna cewa ga suruka ta gari, ni kuwa na san abin da nake biya. Kowace safiya in ja ruwa a rijiyar titi, in ɗora gammo, in hau dutsen nan da goyo a baya. Shekara uku. Ni da na yi kuka don jiran layi a inuwa. Nakan wuce ta tsakanin ƙerana da ta rufe hanya, in wuce gidan ubana da ya zama gonar tafasa, in same ta zaune a bakin ƙofa. Takan sha, ta ɗan yamutsa fuska don ruwan rijiyar yana da gishiri-gishiri, ta ce, "Sannu 'yata." Kullum ina shirya yadda zan gaya mata cewa ni ce na tura ɗanta, kullum in sauko da maganar a bakina.

A rani na uku jikinta ya yi rauni, ba ta iya fita sai na tallafe ta. Wata safiya na zuba mata ruwa a ƙoƙo, na riƙe mata tana kurɓa, sai na ji ba zan iya sake sauka da abin nan ba. Na durƙusa na ce, "Mama, akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita. Ba ɗanki ba ne ya fara. Ni ce. Ranar da tuluna ya fashe..."

Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Ta ce, "Ina bayan rumbu ranar. Na ji duka, har da gunki."

Na rasa inda zan sa fuskata. Na ce, "Shekara uku kina karɓar ruwa a hannuna, ba ki ce komai ba?"

"Me zan ce? Ƙafarki ta kumbura, na gani." Ta ƙara da cewa, "Ina da cikin mijinki, ni ma tuluna ya fashe a kan saiwar nan. Na zo na zauna a ƙasa na yi wa ubansa kuka irin naki, har na fi ki zagi."

Na ce, "Sai ya ce me?"

Ta ce, "Ya tashi a fusace zai je ya haƙa. Ya duba gidan nan kaf, ba shi da komai sai fartanya, ita ma ƙotar ta karye. Kafin a gyara, na haihu, na huce." Ta miƙo mini ƙoƙon. "Ba mu fi ku hankali ba, 'yata. Diga ce ba mu da ita."

Ba ta kai damina ba. Muka binne ta kusa da mijinta, maza huɗu suka yi haƙa, ƙasa ta yi tauri har sai da aka aika bakin titi aron diga. Ruwan da aka yayyafa a kabarin don ƙasa ta kwanta, ni na hau da shi. Na juye tulun, na ɗora shi a ka babu komai, na bi bayan mutane muka gangara, ba a bar kowa a sama ba.